Gahawar da Ta Huce a Zauren Abu Miskal

Injiniyan bai gama shimfiɗa zanen titin ba, Abu Hazim mai facin taya ya tambaye shi ko a gidansu akwai wanda ya taɓa zuwa neman aure a kan keke. Zauren ya ɗauki dariya, irin wadda babu daɗi a cikinta.

Abu Miskal, babban dangi kuma mai zauren, bai yi dariya ba. Ya san abin da ya kawo wannan saurayin injiniya, Rakan. Hukumar gari tana son ta yanki gefen titinsu ta yi wa masu keke da masu tafiya a ƙasa hanya, doka kuwa ta ce sai an ji ta bakin mutanen unguwa. An gwada taro a ofis, aka tashi baram-baram. Shi ne yau aka biyo su gida.

Kowa ya faɗi tasa. Mai gasa kaji ya ce keke na yara ne da 'yan ci-rani. Wani ya ce motar ɗan'uwansa da ba ta da wurin tsayawa ta fi lafiyar mutanen gari duka. Amma mai asara ta gaske Abu Hazim ne, mijin ƙanwar Abu Miskal. Idan mota ba za ta tsaya a ƙofar shagonsa ba, to shagon ya mutu, ga 'ya'ya mata a jami'a.

Aka zagayo da gahawa. Rakan ya karɓi finjalinsa da hannun dama, ya dube shi, ya ajiye shi a ƙasa gaban Abu Miskal, bai kurɓa ba.

Duk wanda aka haifa a ƙasar Urdun ya san wannan. Baƙon da ya ajiye gahawa yana da buƙata, ba zai sha ba sai mai gida ya biya masa ita. Ta haka ake neman aure, ta haka ake sulhun jini.

"Wannan ba wasan ma'aikata ba ne, yaro," in ji Abu Miskal.

"Na sani, Baffa. Kakana ya sha gahawa a wannan zaure, zamanin mahaifinka."

Abu Hazim ya ce a bar ta ta daskare, kare ma ya sha. Abu Miskal ya dubi finjalin. Tun da ubansa ya gina zauren nan, baƙo bai taɓa tashi ya bar finjali cike ba. Gobe za a ba da labari a kowane zaman makoki cewa a hannunsa aka fara. Tururin finjalin yana raguwa, idon kowa yana kansa.

"Sha gahawarka," ya ce.

Rakan ya shanye, ya girgiza finjalin alamar ya ƙoshi, ya naɗe zanensa. Ya ce zai shaida wa hukuma an tuntuɓi jama'a, kuma babbansu ya amince. Bai tambayi kowa ra'ayinsa ba. Ya yi sallama, ko mutum ɗaya bai amsa ba.

Mai zuba gahawa ya ci gaba da zagayawa, don bai san abin da zai yi ba. Da ya iso kan Abu Hazim, sai mai facin ya karɓa, ya taso a hankali, ya ajiye finjalin daidai inda baƙon ya ajiye nasa.

"Ni ma ina da buƙata, Yaya. Ƙofar shagona."

Abin da Abu Miskal ya riga ya bai wa baƙo, ya bayar. Mutane suka fara laluben takalmansu ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana zaune yana kallon finjalin har tururin ya ɗauke.