Tarin da Yaya Bai Yanke Ba

…hasken nan dai, can ƙarshen lungu, rawaya-rawaya. Yatsan Dogo na kan madannin kwamfuta tun kafin ya yi niyya. Ɗan mutumin cikin wasan yana tafiya, shi kuma yana zaune a kujerar Yaya mai karyayyen hannu. Kwana goma sha tara da rasuwar Yaya. Kwamfutar Yaya, wasan da ya shekara biyu yana ginawa — bai gama ba.

"Ba a ce wa mutum je can, Dogo. Zana kibiya aikin rago ne. Kunna fitila a taga, sa ƙarar ruwa a bayan bango, bar ƙofa rabi a buɗe. Ƙafarsa ce za ta kai shi." Haka Yaya ya taɓa ce masa.

Shi da ya tsaya a aji uku, me ya gane? Dariya ya yi, ya ce wayo kawai kake wa mutane. Ga shi yau wayon a kansa ya ƙare.

Ɗis… ɗis… Famfon banɗakinsu ne. Yaya tsugune da waya yana naɗar ƙarar, Umma tana faɗa, maimakon ka gyara, ɗauka kake? An gyara famfon yanzu. A nan kaɗai yake ɗiga.

A tsakanin ɗigar kuma — tari. Ƙarami, sau biyu. Na Yaya ne, kuskure ne ya shiga, ya ce gobe zai yanke shi. Tarin da suka ce mura ce… mura!

In ya matso kusa da ƙofar da ke ƙarshen lungun, sai tarin ya ƙara fitowa. Shekaranjiya ya tura ƙofar ya shiga. Ɗif. Ba ɗaki, ba ƙasa, toka-toka kawai. Haka Yaya ya tsara, in mutum ya iso a ɗauke sautin, ya gama aikinsa. To shi ina ya iso? Sai da ya sake wasan daga farko. Yadda ake ciro sautin ya ajiye, bai sani ba. Wa zai tambaya?

Taku ɗaya ya rage. Ya tsaya. Rana na dukan labule, kwamfutar ta ɗau zafi a cinyarsa. Ɗis… ɗis… ga shi nan.

Takalmin Umma ya tsaya a bakin ƙofa.

"Dogo… wa ke tari a ɗakin nan?"

In ya danna, shiru. In bai danna ba, za ta sake ji. Yatsan na kan madannin — ya kasa ɗagawa, ya kasa dannawa.