Faifan Maƙwabci

Injiniya dai direban motar makaranta ne. Shi ya raɗa wa kansa sunan, tun ranar da ya gyara fanka ta koma juyawa da baya. To, kwamfutar gidansu ta cika har ta daina karɓar hoto, ga shi matarsa tela ce, duk samfurin ɗinkin da take nuna wa masu kawo mata aiki a ciki yake.

Sai ya ari faifan ajiya wurin maƙwabcinsu mai shagon magani, wai gwaji zai yi. Ya koyo wata dabara ta haɗe faifai biyu su zama ɗaya, kamar a fasa bangon da ke tsakanin ɗakuna. Ya haɗe, wuri ya samu, ya dinga taku a tsakar gida kamar wanda ya ƙera jirgi.

Ranar da mai magani ya zo karɓar kayansa, har ya kai hannu zai zare waya, Injiniya ya cafke shi. Da 'yar murya ya bayyana cewa kwamfutar ta riga ta baje kaya a ɗakunan biyu. In aka zare, hotunan ɗinki sun tafi, na can da na nan.

Matar ta ajiye almakashi a hankali.

"Baban yara, wato bangon mutane ka fasa ka zuba kayana?"

Mafita ɗaya ce: a kwaso komai a maido cikin tsohon faifan kwamfutarsu, shi kuwa ba wuri sai an goge wani abu. Ta ce a nuna mata abin da ya fi cin wuri. Injiniya ya ce kayan aiki ne. Ta ce a buɗe.

Ashe bidiyo ne tuli guda: Injiniya a mota bayan ya sauke yara, ido a lumshe, hannu a ƙirji, yana rera wa gorar ruwa waƙoƙin soyayya. Mai magani ya manta yana sauri, ya jawo kujera. Ita kuma ta ce ba a goge ko ɗaya sai an kalla har ƙarshe, kar a yi asarar abu mai amfani.

Faifai ya koma wurin mai shi, hotuna lafiya lau. Guda ɗaya ta hana a goge, wanda tari ya sarƙe shi a tsakiyar baiti, ta saka shi cikin samfurin riguna. Yanzu mata tururuwa suke zuwa zaɓen ɗinki, har waɗanda ba su da yadi.