Waƙar Da Aka Shanya

"Umma, ita ma waƙa jiƙewa take yi?"

Dawowar Kubura ke nan daga kai jaririnta rigakafi, ko goyon ba ta sauke ba. Ta dubi 'yarta Jawahir, mai shekara biyar. "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Na ga Goggo ta shanya waƙoƙin Kaka."

Damina ta ɗauke, kuma kamar kowace shekara a gidan nan na Kwaciri, an fito da komai ya sha rana: katifu, dardumomi, atamfofin da suka yi warin akwati. A kan kwanon ɗakin girki kuwa an jera baƙaƙen faya-fayai, an zare su daga kwalayensu, rana ta take tsaka tana dukansu.

Faya-fayan garmahon mahaifinta ne, marigayi Malam Abdulƙahhar. Dillalin shadda ne a Kantin Kwari, amma tun yana saurayi yake tsintar su ɗaya-ɗaya a Sabon Gari, na kiɗan jaz da bulus da sol na baƙaƙen fatar Amurka. Akwai wani mai shuɗin kwali, wata mace mai dusasshiyar murya tana rerawa, ƙaho yana amsa mata. Da shi yake rarrashin Jawahir, ya kuma ce nata ne. Yarinyar ta fara mance fuskarsa, amma da an sa faifan sai ta ce ga Kaka nan.

Kubura ta taka turmi, ta riƙa sauko da su da bakin mayafinta saboda zafi. Sun nannaɗe kamar ganda a wuta.

Surayya, yayar mijinta da ta zo yini, ta fito tana karkaɗe hannu. "Fumfuna suka yi, shi ne na ce bari in taimake ki. Akwai kayan da rana ba ta gyarawa?"

"Yaya, da kin tambaye ni."

"A gidan ƙanena zan nemi izinin shanya? Roba ce fa, Kubura. Wace waƙa ce babu a waya yanzu?"

Shanyar ma Kubura za ta iya yafewa, kuskure ne. Wannan "roba ce" ita ce ba za ta iya yafewa ba. Mutum ya ɓata maka abu, maimakon ya ce yi haƙuri, sai ya zauna yana yi maka bayanin cewa abin naka dama ba komai ba ne. Kubura ta tattara kwalayen. Ta naɗe faya-fayan a zani, ta ja hannun Jawahir, suka tari adaidaita sahu sai Sabon Gari.

Baba Ambrose, tsohon aminin mahaifinta, yana nan a shagonsa na gyaran rediyo. Ya ɗaga faifai ɗaya, ya kalle shi ta gefe.

"'Yata, wa ya soya su? Ubanki da ko atishawa ba ya bari a yi kusa da su."

"Baba, mai shuɗin kwalin kawai. Sauran na haƙura."

Ya ɗora shi a kan garmaho. Allurar ta riƙa hawa tana gangara, muryar matar tana jan ƙafa kamar mai zazzaɓi, can sai ta yi tsalle ta koma baya. Ya ɗage allurar. "Wannan ba lanƙwasa kaɗai ba ce. Layukan sun narke."

Ganin idon yarinyar ya ciko, ya lalubo waƙar a wayarsa ya kunna. Ta fito tas, har ta fi ta faifan tsabta. Jawahir ta saurara, ta miƙa hancinta gaba tana jira. Waƙar ta ƙare.

"Ba ita ba ce. Babu ƙas ɗin."

Sai a lokacin Kubura ta tuna. Faifan yana da ɗan ƙarzo a tsakiya, idan allura ta zo wurin takan yi ƙas, kuma daidai nan kakan yake lakatar hancin jikarsa. Wannan babu shi a wayar kowa.

A hanyar komawa gida yarinyar ta ƙanƙame shuɗin kwalin. Suna isa Kubura ta kwashe 'yan ƙalilan ɗin da suka tsira a ƙasan akwati, ta jera su a tsaye a inuwa, ta kulle ɗakin. Surayya ta ce wai an mai da ita ɓarauniya. Kubura ta bar ta tana faɗa.

Kai mai karatu, idan ka shiga gidan mutane ka tarar da tsohon abu an killace shi, janye hannunka ka tambaya tukuna. In kuwa ka riga ka ɓata, to ka ce a yi haƙuri ka ja bakinka. Kada ka kuskura ka ce roba ce, balle a gaban yaro.