Yafiyar Baba Sammani

"Sake kira, Malama," in ji Baba Sammani. "Layin ba na uban kowa ba ne."

Na sake dannawa. Ina zaune a kan kujerar tsugunno a ƙofar ɗakinsa, wayarsa a hannuna, rediyonsa yana gefen matashi an rage masa murya. Shirin Kowa Ya Tofa ake yi, wanda ake sakawa duk Laraba bayan la'asar, manoma su kira su faɗi abin da ya dame su. Ƙafafun Baba sun kumbura har fatar tana sheƙi. Tun da aka sallamo shi daga asibiti a birni aka ce a je gida a ci gaba da addu'a, kowa ya san abin da ake nufi.

Ni ban so kiran ya shiga ba, kuma na gaya masa tun da safe. So yake ya nemi yafiyar masu sauraro kamar yadda ya aika aka nemi ta dangi da maƙwabta. Na ce masa dangi daban, 'yan Fesbuk daban, waɗannan in ka ce a yafe maka sai su ce ka amsa laifi. Ya ce shi ba da Fesbuk zai kwanta a kabari ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Daga Kura har Bunkure babu mai rediyon da bai san muryarsa ba, don ya daɗe yana kira, kullum da gabatarwa iri ɗaya: Sammani mai tumatir, daga ƙasan kanal. Lokacin da na dawo da difiloma babu aiki, matan unguwa suna nuna ni suna cewa bokon Kubra ya ƙare a ɗakin uwarta, shi kaɗai ya kira ni Malama ba da gatse ba. Da gidan rediyon ya buɗe wa shirin shafi a Fesbuk, sai na zama idonsa. In karanta masa abin da aka rubuta, ya faɗi amsa in rubuta.

A ranin bara rigimar ta soma. Ruwan kanal, magudanar da ake ban ruwan gonaki da ita, rana-rana ake rabawa, kowane ɓangare da ranarsa, amma sai ranar mutanen ƙasa ta zo a ga ruwan bai fi na wanke hannu ba. Baba ya kira shirin ya ce akwai masu jera buhunan yashi su tare ruwa a ranar da ba tasu ba. Bai kama sunan kowa ba. Washegari wani mai suna Idon Kanal, babu hoton fuska, babu sunan gari, ya saka hoto a ƙarƙashin shirin. Buhunan yashi ne a mararrabar da ruwa yake rabuwa tsakanin gonar Baba da 'yan gonakin da suke bayansa, ga keken Baba a jingine a gefe. Ya rubuta cewa a tambayi mai wa'azi keken wa ne wannan.

Keken nan kuwa rabin unguwa ke hawansa. A ƙofar masallaci yake wuni, wanda ya ga dama ya ɗauka ya dawo da shi. Na rubuta haka. Idon Kanal ya amsa da cewa 'yar difilomar da take rubuta masa ta yi shiru, manya suna magana. Ranar da aka kai Baba asibiti, kafin motar ta wuce Kumbotso ya rubuta cewa alhakin tumatirin mutane ya fara kamawa. A nan na tabbata ba baƙo ba ne. Mutum ne da yake ganin ƙofar gidan nan.

Tun daga lokacin na daina gaisawa da mutane da zuciya ɗaya. Uba, wanda manoma suka damƙa wa makullin ƙofar ruwa, duk sanda ya zo dubiya sai na ga gaisuwarsa ta yi tsawo, idonsa yana yawo a ɗakin. Sunusi mai cajin waya kuwa, da rabin wayoyin unguwa suke wuni a shagonsa, in na wuce sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ban da hujja a kan ko ɗaya. Na dai koma yin caji a gida, in babu wuta in haƙura.

Kiran ya shiga. Na ji muryar Abdulsamad mai gabatar da shirin ta fito daga waya da rediyo a tare, yana tambayar wa ke kan layi. Na kara wa Baba wayar a kunne.

"Sammani ne mai tumatir."

"A'a, Baba na ƙasan kanal! Kwana biyu mun ji ka shiru. Yaya ruwa?"

"Ruwa yana hannun masu shi. Yau ba ƙorafi na zo yi ba, ɗana. Jiki ya ƙi. Na daɗe ina shiga gidajen mutane ta rediyon nan ban yi sallama ba. Duk wanda na ɓata wa, a baki ko a gona, da sani ko ba da sani ba, ya yafe mini don Allah. Ni na yafe wa kowa."

Abdulsamad ya yi masa addu'a. Waɗanda suka kira bayansa duk sun ce sun yafe, har da wata mata daga Madobi da ta ce mijinta ba ya barin a taɓa rediyo in Baba yana magana. Baba ya lumshe ido yana saurare. Inna Barira matarsa tana tsakar gida tana juya shinkafar da ta turara ta shanya, ba ta shigo ba, amma na ga hannunta ya tsaya.

Kafin magariba an yanki muryar an ɗora a shafin. Mutane da yawa sun yi addu'a. Sai Idon Kanal ya zo ya rubuta kalma biyu: ya amsa. Daga nan aka rufe Baba da sharhi. Wani ya ce ai da ma tsoron kabari yana buɗe baki. Wani ya ce me ya sa ya ambaci gona in ba shi ya tare ruwan ba. Yaran da ba su taɓa riƙe fartanya ba, suna Legas ko Abuja, suka yi ta yanke wa dattijo hukunci. Na shiga da cikakken sunana, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka ce in je in yi aure. Aka ce ni na rubuta masa abin da ya faɗa. Ban goge ko harafi ba.

Da safe Baba ya ce in karanta masa. Na karanta na masu addu'a, yana cewa amin. Da na tsaya sai ya tambaye ni wancan fa. Na gaya masa yadda yake, don bai taɓa son a rage masa magana ba.

"Ya ce ya yafe?"

"Bai ce ba, Baba. Kuma me ka yi masa da zai yafe?"

"Ke kika san ban yi ba. Mutum ba ya bin mutum shekara guda haka kawai. Ko ban tare masa ruwa ba, wataƙila na tare masa wani abu. Rubuta masa, shi kaɗai."

Na ce wannan kam ba zan rubuta ba, kare ya yi haushi kuma a ba shi haƙuri. Ya dube ni ya ce to ya kira Sunusi ya rubuta masa? Na ɗauki wayar. Ya faɗa na rubuta, kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Alamar an karanta ta fito tun ban ajiye wayar ba. Amsa ba ta zo ba. Ranar sau da yawa yana buɗe ido ya dube ni, in girgiza kai, ya mayar ya rufe.

Ranar Juma'a da hantsi ya cika. Inna Barira ta leƙo ta katanga ta kira mahaifiyata da muryar da take kiran ta aron rariya, sai da muka shiga muka ga ta riga ta rufe shi da zane. Aka sallace shi bayan an sauko daga masallaci. Mutane sun zo har daga Kadawa, da yawansu ba su taɓa ganin fuskarsa ba, murya kawai suka sani.

Da la'asar maza suna zaune a tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, ni ina ciki da mata, wayar Baba ta yi ƙara a hannuna. A ƙarƙashin sanarwar rasuwar da shirin ya saka, Idon Kanal ya rubuta: Allah ya jiƙansa, na yafe masa ruwan da ya tare. Yanzun nan aka rubuta shi.

Na tsuguna kusa da Inna na karanta mata a hankali. Ta tambaye ni ko ya dai ce ya yafe. Na ce ya ce, amma ta ji abin da ya liƙa a bayansa.

"Na ji," in ji ta. "Shi Malam ta farkon yake jira. Ta biyun ki ji da ita."

Na rubuta a ƙasansa cewa Sammani bai tare ruwan kowa ba, na sa sunana da na mahaifina. Sannan na tashi na tsaya daga cikin zaure, inda ake ganin waje ba a ganin mutum. Uba yana gefen liman, wayarsa a kife a kan gwiwa. Sunusi yana baya ya jingina da katanga. Wata tawaga ta iso, liman ya ce a yi wa mamaci addu'a, hannaye suka tashi gaba ɗaya, kaushi da busasshen taɓon gona a jikin yatsu. Na bi su da ido, ɗaya bayan ɗaya, ina neman hannun da ya rubuta, har aka shafa.