Ƙafar Malama

"Riƙe ni, Mai Ɗinki, numfashina ya ƙi sauka."

A kan matakalar bene Malama ta faɗi haka, bokitin wanki ya kuɓuce mata yana gangarawa. Mai Ɗinki ta yar da almakashi ta fito a guje ta tare ta. Shekara da shekaru bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu, amma ba ta taɓa ganin leɓen maƙwabciyarta ya koma launin toka haka ba.

"Direba!" ta ƙwala wa maƙwabcinsu na ƙasa kira. "Don Allah fito da mota!"

Tare matan biyu suka je asibiti a makon jiya, kuma Malama ce ta kawo shawarar. Tsayuwa gaban allo ta fito mata da ƙananan jijiyoyi ja da shuɗi a ƙafa, kamar saƙar gizo-gizo. Keken ɗinki ma ya yi wa Mai Ɗinki irin tasa ɓarnar.

"Taso mu je a goge mana taswirar nan," in ji Malama tana dariya, "kafin ɗalibai su fara koyon labarin ƙasa a ƙafata."

Likitar ta bi jijiyoyin da siririyar allura tana ɗura magani, suna kallo suna dusashewa. Ta ba su safa mai matse ƙafa, ta ce su riƙa takawa kullum, ban da dogon zama. Washegari aka bugo wa Malama waya cewa mahaifiyarta ba lafiya. Ta wuni a mota zuwa, ta wuni dawowa. Ta iso gida ƙafar hagu a kumbure, da zafi rau.

"Gajiyar hanya ce," ta ce. "Kada ki tayar wa Baban yara da hankali."

Yanzu ga ta a kujerar baya, kanta a cinyar Mai Ɗinki, gumi ya jiƙa mata wuya. Direba sai danna ham yake yi.

"Na bar tukunya a wuta."

"An sauke. Ke dai ja numfashi."

"Tsoro nake ji, 'yar uwa."

"Ga asibitin can, ina hango shi," in ji Mai Ɗinki, alhali ko rabin hanya ba su yi ba.

Aka tura Malama bayan labule. Mai Ɗinki ta tsaya riƙe da takalmin Malama ƙafa ɗaya. Da wani likita ya fito, tun kafin ya buɗe baki ta gane.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya ce jini ne ya daskare a ƙafar, ya ɓalle ya toshe huhu.

"Allurar ce?"

"Ba kasafai take jawo haka ba. Ba zan ce ita ce ba, ba kuma zan rantse ba ita ba ce."

Sai ta ji safar da ke ƙafarta tana matse ta har ƙirji.

"Likita, ni ma an yi mini. Rana ɗaya, gado ɗaya."

Aka kwantar da ita, aka shafa mata wani abu mai sanyi, aka bi ƙafafunta da na'ura tun daga cinya har idon sawu. Ta kasa ko addu'a. Aka ce jininta na gudu lafiya lau, ta koma gida. Ta ji, amma zuciyarta ba ta ji ba. Ko tari ta yi sai ta dafe ƙirji ta tsaya tana jira.

Bayan masu gaisuwa sun watse, gidan ya koma tsit. Wata safiya Mai Ɗinki ta zauna gaban keke, ta ɗora ƙafa, ta kasa takawa. Ta bayan bango tana jin Baban yara, mijin Malama, a kicin, yana buɗe wannan gwangwani ya rufe, ya buɗe wancan, yana neman inda ake ajiye sukari.