Ramin da Aka Haƙa wa Baba Azariya

Baba Azariya ya rasu ranar Litinin a wani asibiti a Kafanchan, yana da shekara tamanin da ɗaya. Aka sa jana'iza ranar Asabar a ƙauyensu da ke hanyar Kwoi. Tun kafin ya kwanta ciwo ya nuna wa iyalinsa wurin da yake so: bayan gida, dab da kabarin matarsa.

Ranar Juma'a da safe Martins magini, maƙwabcinsu, ya zo da mutum uku suka fara haƙa. Rami ya kai ƙugu sai diga ta bugi wani abu, ƙarar kuma ba ta dutse ba ce. Martins ya share ƙasar da hannu. Fuska ce ta gasasshen yumɓu, girmanta kamar ƙwaryar shan kunu, idanun masu kusurwa uku da huji a tsakiya. Diga ta riga ta cire mata kunne ɗaya.

Aka kira Faustina, babbar 'yar mamacin, daga wurin matan da ke tsince shinkafar baƙi. Malamar tarihi ce a wata sakandare a Kafanchan. Ta shekara goma sha huɗu tana koyar da dalar Masar da gumakan Nok daga hotunan littafi, amma ba ta taɓa ganin ɗaya a cikin ƙasa ba. Ta tsuguna a bakin ramin ta daɗe tana kallo.

Baba Bartholomew, ƙanin mamacin, ya iso ya leƙa.

"Ku ciro shi ku ajiye gefe, ku ci gaba," in ji shi.

"Baba, a yi haƙuri," in ji Faustina. "In aka ciro shi haka an ɓata. Masu bincike sai sun ga yadda yake kwance, da abin da ke kusa da shi."

"Yayana da sandarsa ya nuna wurin nan, ina tsaye. Gobe ƙarfe goma motar gawa za ta iso. Saboda fasasshiyar tukunya za mu raba shi da matarsa?"

Wata daga cikin zumuntar matan coci ta ce tsafi ne aka binne, a kira fasto. Rabaran ya zo a babur, ya duba, ya ce yumɓu ne kawai. Ya yi gajeriyar addu'a, ya ce sauran magana ta iyali ce, ya koma.

Faustina ta ɗauki hotuna ta tura wa Dokta Irene, wadda suka yi jami'a tare, yanzu tana aikin binciken kayan tarihi. Ba a jima ba Irene ta kira.

"Ku rufe da tamfol, ku zuba ƙasa a hankali. Kada kowa ya sa a Fesbuk, in ba haka ba masu haƙan sata za su riga ni zuwa. Sai na samu izini, zai kai sati biyu."

Faustina ta zaga kabarin uwarta. Ɗaya gefen bangon gida ne, babu wuri. Ta ƙirga taku bakwai zuwa gindin lemu, ta ce wa Martins a haƙa a nan.

"To," in ji Baba Bartholomew. "Ke za ki faɗa wa mutane da bakinki. Ba ni ba."

Ta faɗa kuwa, a wurin sujada, bayan an karanta tarihin mamacin. Wasu suka yi gunaguni. Aka binne Baba Azariya a gindin lemu kafin ƙarfe biyu, Faustina ta zuba ƙasa kamar kowa.

Dokta Irene ta zo bayan kwana goma sha tara da abokan aikinta. Suka ja igiyoyi, suka yi kwana goma sha ɗaya suna aiki da ƙananan cokula da burushi. Sun samu gutsattsarin gumaka huɗu, da duwatsun wuya, da gawayi, da ƙonannen gero. Ba su samu ƙashi ko ɗaya ba. Irene ta gaya wa masu kallo cewa a ƙasar Sin ma manoma masu haƙa rijiya ne suka ci karo da sojojin yumɓu.

Ranar da suke ɗaure kaya Baba Bartholomew ya zo a karon farko.

"Dokta, waɗannan kakanninmu ne?"

"Ba mu sani ba, Baba. Ko yaren da suka yi babu wanda ya sani. Mun dai san sun noma gero a nan."

Ya gyaɗa kai ya tafi gonar cittarsa.

Bayan wata biyar sakamakon gwajin gawayin ya zo: ya kai kimanin shekara dubu biyu da ɗari huɗu. Faustina ta karanta a wayarta a ɗakin malamai, ta tura wa 'yan'uwanta. Biyu suka amsa.

Baba Bartholomew bai ƙara amsa gaisuwarta ba sai da Kirsimeti, ya tambaye ta hanya da yara. An cike ramin, da damina ta sauka matarsa ta shuka yakuwa a wurin.