Kogin Wabet

Mu a ƙauyen masu haƙa kabarin sarki, ba a gama aiki sai mai kabarin ya mutu. In Fir'auna ya ƙara shekara, mu ƙara masa ɗaki a cikin dutse. Muddin kuma ana aiki, ba mai fita daga katangar ƙauyen, don mun san inda za a ajiye zinariyar. Sha'ir da kifi, har ruwan sha, a kan jaki ake kawo mana.

Ni Ipuy, zanen bango ne aikina. Matata Wabet 'yar masunta ce daga kudu, da ƙafarta ta biyo ni. Ranar da ta shigo na ce mata, "Sarki ya manyanta. Da an rufe kabarinsa zan kai ki ki ga koginku."

Kai, ban taɓa ganin mai taurin rai irin wannan sarkin ba! Ya ci yaƙi gabas da yamma, ya cika ƙasa da gumakansa, ya binne 'ya'yansa da dama, shi yana nan. Mu kuwa sai haƙa. Na yi furfura a cikin rami, Wabet ta yi tata a bakin murhu.

Sai cutar yana ta fara rufe mata ido.

"Baban Meri," in ji ta, "wai tsohon naka bai gaji ba? Ni fa ko fuskarka sai na laluba, ba wai na yi asarar wani abin kallo ba."

Na yi dariya, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na je gun shugaban aiki na roƙe shi fitar kwana kaɗan. Ya ce, "Ka san kai nawa za a sare in ka fita? Koma bakin bangonka."

A lokacin an ba ni zanen gonakin lahira, inda sarki zai huta. Sai na riƙa tambayarta game da koginsu kullum da yamma. Ina kwale-kwalen babanku yake tsayawa? Dabinon nan da ya karkata, ta wane gefe yake? Tana faɗa, da safe ina zanawa. Har ita na sa, ƙarama a bakin ruwa, tana wanke taru. Na yi niyya in shigar da ita ta gani, amma mace ba ta taka kwarin kaburbura.

Ranar da aka ce sarki ya tafi, kowa na zuba ƙasa a ka don makoki, mu muna ɗaure kaya a ɓoye. Aka shigar da shi, aka toshe ƙofa da duwatsu. Ba mu gama wanke hannu ba jakuna suka iso da sababbin kurafun sassaƙa dutse. Ɗansa ya hau, shi ma tsoho ne, yana son nasa ramin da gaggawa. Aka rufe ƙofar ƙauye.

Na tarar da ita zaune a kan ƙunshin kayan. Idon ya riga ya tafi gaba ɗaya. Na zauna kusa da ita. Can ta ce, "Kogin da ka zana ɗin, ya yi kama?"

"Ya yi. Har dabinon."

"Yana ina yanzu?"

"Yana ciki, tare da shi."

Sai ta fara kwance ƙunshin da lalube.

"Duk ƙasar nan ba ta ishe shi ba," in ji ta, "sai da ya haɗa da kogina."